Yadda Ake Shirya Tafiyar Kallon Besbol a Fenway Park

Wanda ya shekara da shekaru yana bin wasannin ƙungiyar Boston Red Sox ta talabijin ko ta intanet, yana hana idonsa barci saboda wasan da aka fara da magaribar Boston sai tsakar dare yake kamawa a Kano ko Maraɗi, ya san cewa burinsa bai cika ba sai ranar da ya zauna da kansa a Fenway Park, filin wasan ƙungiyar da ke Boston. An buɗe filin a ranar 20 ga Afrilu 1912, kuma shi ne mafi tsufa a cikin filayen da ake buga babbar gasar besbol ta Amurka a yau. Tsufan nan shi ne abin da ke jan mutane zuwa wurin, kuma shi ne ke wahalar da baƙo, domin an gina filin ne a matse tsakanin titunan unguwa, a zamanin da ba a damu da faɗin kujera ko wurin ajiye mota ba. Na sha zuwa kallo a can, kuma abin da na lura da shi shi ne cewa daɗin tafiyar yakan tabbata ko ya lalace tun kafin a yi jifan farko, wato a wajen zaɓen rana, zaɓen kujera da lokacin isowa.

Abubuwan da za ka tanada

Abu na farko shi ne waya mai intanet wadda ka saka wa manhajar MLB Ballpark, domin tikitin shiga yanzu a waya yake zama, kuma daga fuskar wayar ake duba shi a ƙofa. Ka haɗa da ƙaramin batirin caji na aljihu, saboda ɗaukar hoto da bidiyo yana cinye caji, kuma wayar da ta mutu a bakin ƙofa ta bar ka ba tikiti. Na biyu shi ne katin banki da ke aiki a ƙasashen waje, domin masu sayar da abinci a cikin filin da kati suke karɓar kuɗi. Ka sanar da bankinka cewa za ka yi tafiya, kada a toshe katin a lokacin da ka fi buƙatarsa.

Sai tufafi. Ka tanadi rigar sanyi mai kauri ko da kana ganin rana ta fito, da rigar ruwa ta leda mai naɗuwa, da takalmin da ba ya cizo, da hular hana rana. Lema ba ta da amfani sosai a wurin zama, domin tana tare wa na bayanka gani. Kada ka ɗauki jakar goyo. Ƙaramar jaka mai aljihu ɗaya ake bari a shiga da ita, kuma ƙungiyar takan wallafa iyakar girmanta a shafinta, saboda haka ka duba kafin ka baro masauki. Mafi sauƙi shi ne ka zo da abin da aljihunka zai ɗauka kawai. An yarda ka shiga da ƙaramar gorar ruwa ta roba guda ɗaya wadda ba a buɗe ba. Idan kana da sha'awar rubuta yadda wasan ke gudana, ka sa fensir a aljihu, takardar kuma za ka same ta a cikin mujallar wasa da ake sayarwa a wurin.

Mai tasowa daga wajen Amurka yana buƙatar fasfo da bizar ziyara. Dokokin biza suna sauyawa gwargwadon ƙasar da mutum ya fito, don haka ka tabbatar da matsayin da ake ciki daga ofishin jakadancin Amurka, kuma kada ka biya kuɗin tikitin wasa ko na jirgi wanda ba a mayarwa sai bizar ta shigo hannunka.

Mataki na 1: Zaɓen rana

Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, rabinsu a gida, daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Ba a buga wasannin ɗaya-ɗaya kamar na ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar baƙi takan zo ta zauna kwana uku ko huɗu ana karawa kullum, sannan Red Sox ta iya barin gari na mako guda ko fiye. Kuskuren da ya fi kowanne ciwo shi ne mutum ya sayi tikitin jirgi kafin ya duba jadawali, ya iso Boston ya tarar ƙungiyar tana can wani gari. Jadawalin shekara mai zuwa yakan fito tun ana cikin kakar da ake bugawa, saboda haka akwai isasshen lokacin shiri.

Shawarata ita ce ka sa tafiyar ta haɗa aƙalla wasa biyu a jere, kuma ka bar kwana ɗaya a sake bayansu. Filin ba shi da rufi a kan wurin wasa, kuma ana dakatar da besbol idan ruwa ya yi ƙarfi. Wanda ya ƙetare teku saboda wasa ɗaya tak ya jingina dukan tafiyarsa a kan hadari.

Game da wata, Afrilu da farkon Mayu suna da sanyin da ke ratsa ƙashi da dare, amma tikiti ya fi araha a ranakun aiki. Yuni zuwa Agusta su ne lokacin ɗumi da cikar jama'a. Satumba tana da daɗin yanayi, kuma idan ƙungiyar tana fafutukar shiga wasannin ƙarshe, filin yakan ɗauki zafi fiye da kowane lokaci. Wasanni da New York Yankees, manyan abokan hamayya tun zamanin da aka sayar musu da shahararren ɗan wasa Babe Ruth, su ne mafi tsada da wahalar samu. Idan burinka ka ga filin ka more shi a tsanake, wasan daren Talata da wata ƙungiya ya wadatar. Akwai kuma wasa ɗaya na musamman a Litinin ta uku ta Afrilu, ranar hutun jihar Massachusetts, wanda ake farawa da misalin ƙarfe 11 na safe a daidai ranar gudun yada-ƙanin-wani na Boston, kuma masu gudun sukan ratsa dandalin Kenmore kusa da filin. Abin kallo ne, sai dai masauki a wannan makon tsadarsa ta wuce misali. Ka kuma lura cewa ana iya mayar da wasan Lahadi daga rana zuwa dare saboda gidajen talabijin, don haka kada ka sa jirgin komawarka a daren Lahadi.

Mataki na 2: Zaɓen kujera

A nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Filin yana ɗaukar mutane kusan dubu 37 da ɗoriya, kuma kujerunsa ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Kujerun da ke ƙasa kusa da wurin wasa, daga tasha ta farko (tashoshi su ne wuraren da mai bugu ke takawa idan ya ruga bayan ya bugi ƙwallo) zagaye da bayan mai cafe, wanda ke durƙushe a bayan mai bugu, zuwa tasha ta uku, su ne mafi kyawun gani da tsada. A bayansu akwai tsohuwar rumfa mai rufi, wadda sassanta ke da lamba 1 zuwa 33, kuma a cikinta ne har yanzu ake zama a kan kujerun katako na shekarun 1930. Matsattsu ne, tamkar bencin ajin firamare, kuma dogon mutum gwiwarsa za ta riƙa taɓa bayan kujerar gaba. Rufin rumfar yana tsaye ne a kan ginshiƙan ƙarfe, kuma wannan shi ne tarkon da baƙi ke faɗawa. Akwai kujerar da ginshiƙi zai tsaya daidai tsakaninka da mai jifa, ko tsakaninka da mai bugu, ka yini kana leƙe dama da hagu. Akan rubuta gargaɗi a jikin tikitin da ginshiƙi ya tare shi sosai, amma wanda ya tare gefe kaɗan ba lallai a rubuta ba. Ginshiƙan suna layukan gaba na rumfar, saboda haka layi na ƙasa wanda ba ya bayan ginshiƙi kai tsaye ya fi aminci, yayin da layukan can sama rufi yakan hana su ganin ƙwallon da ta tashi sama. Kafin ka biya, ka rubuta lambar sashe da layi da kujera a intanet, domin masu kallo sun ɗora hotunan abin da ake gani daga mafi yawan kujerun.

Tarko na biyu shi ne sassan rumfar da ke can gefen dama, masu ƙananan lambobi. Kujerunsu suna fuskantar tsakiyar fili ne maimakon wurin mai bugu, don haka za ka shafe awa biyu da rabi wuyanka a karkace zuwa hagu, kuma duk mai wucewa a kan matakala sai ya gifta ta gabanka. Arahar tikitinsu tana yaudarar mutane. Idan kuɗinka kaɗan ne, na fi son ka zauna a buɗaɗɗun kujerun bayan fili, sassa 34 zuwa 43, inda babu ginshiƙi kuma kana fuskantar wasan sosai, ko da yake da nisa. Sai dai ka sani cewa ranar yamma tana dukan wannan ɓangaren da gefen dama a ido, yayin da gefen tasha ta uku yake fara samun inuwa. Can a ƙarshen rumfar ta gefen hagu kuma akwai sashen da aka saba keɓewa don iyali, inda ba a shan barasa, kuma yana kusa da babbar koriyar katangar gefen hagu da filin ya yi suna da ita. Mai son natsuwa ya neme shi a taswirar tikiti.

Kujerun da ke saman babbar katangar hagu an ƙara su ne a 2003, kaɗan ne, kuma farashinsu yana da nauyi. Daga can kana kallon filin kamar daga saman bene, amma ba ka ganin katangar kanta, wadda ita ce ka zo gani. Idan wasa biyu za ka kalla, ka yi ɗaya a gefen tasha ta farko inda katangar take a gabanka, ɗayan kuma duk inda aljihunka ya kai. Idan tikitin zama ya ƙare, akwai tikitin tsayuwa mai sauƙin kuɗi, wanda ke buƙatar ka zo da wuri ka kama gurbi a bayan rumfa.

Ka saya daga shafin ƙungiyar ko daga kasuwar sake sayarwa da gasar ta amince da ita. Kada ka karɓi hoton tikiti daga hannun wani a titi ko ta saƙon waya, domin tikitin gaskiya ana tura shi ne cikin manhajarka da sunan asusunka.

Mataki na 3: Masauki da hanya

Ba dole ba ne ka sauka a unguwar filin, inda otal yake da tsada a ranakun wasa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne masaukinka ya kasance kusa da layin jirgin ƙasa na cikin gari, musamman koren layi. Unguwar Brookline tana kan rassansa kuma ba ta da hayaniya. Ka guji tsakiyar Mayu idan za ka iya, lokacin da jami'o'in Boston ke bikin yaye ɗalibai, domin iyaye sukan cike otal-otal.

Daga filin jirgin saman Logan akwai bas ta layin azurfa mai lamba SL1 da ke kai mutum tashar South Station, daga nan ka hau jan layi zuwa Park Street, ka sauya zuwa koren layi. Wanda yake zaune a Niyok yana iya hawa jirgin ƙasan Amtrak, tafiyar kusan awa huɗu, ya sauka a Back Bay. Koren layin yana da rassa huɗu, B, C, D da E, kuma ukun farko duk suna tsayawa a Kenmore, tashar da masu kallo ke sauka. Reshen E yana rabuwa kafin ya kai can, saboda haka ka duba harafin da ke goshin jirgin kafin ka shiga. Kada ka yi tunanin zuwa da mota. Wuraren ajiye mota kaɗan ne, kuɗinsu a ranar wasa yakan kai na tikiti, kuma fita bayan wasa tana cin lokaci.

Mataki na 4: Zagayen filin kafin ranar wasa

Ƙungiyar tana shirya zagayen gani da ido kusan kullum a duk shekara, na kimanin awa ɗaya, tare da jagora mai ba da tarihi. Yawanci akan kai mutane tsohuwar rumfa da saman babbar katanga, wanda ke nufin za ka taka wurin da kuɗinsa ya fi ƙarfinka a lokacin wasa. Ka yi zagayen da safe, ko a ranar da ta gabaci wasanka, domin a ranar wasa ana rufe shi awanni kafin a fara. Amfaninsa shi ne ka gama ɗaukar hotunanka filin yana fayau, ka san ƙofofi da matakalai, ta yadda idan wasa ya zo hankalinka zai kasance a kan wasan.

Mataki na 5: Abinci da salla

Shahararren abincin filin shi ne tsiran cikin burodi da ake kira Fenway Frank, sai kuma tsiran Italiya da ake soyawa da albasa da tattasai a kan kekuna a bakin titi, wanda ƙamshinsa ke tarbar mutum tun daga gadar da ke kan hanyar filin. Musulmi ya sani cewa dukansu biyu ana iya samun naman alade a ciki. Miyar abincin teku mai madara (clam chowder) da Boston ta yi suna da ita ma sau da yawa akan sa mata kitsen alade, saboda haka sai ka tambaya. Abin da ba shi da shakka shi ne gyaɗa mai ɓawo, gugguru, soyayyen dankali da askirim. Mafi alheri ka ci abinci mai nauyi a gari kafin ka taho, domin akwai gidajen abincin halal da dama a Boston, kuma farashin cikin fili ninki ne.

Wasan dare yakan fara da misalin ƙarfe 7, kuma a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa a Boston sai bayan ƙarfe 8, wato magariba za ta same ka a tsakiyar wasa. Idan ka fita daga filin ba a barin ka ka dawo da tikitin da ka shiga da shi. Ka yi alwalarka tun daga masauki, ka tambayi malaminka hukuncin haɗa salla ga matafiyi tun kafin ka taso, ko ka zaɓi wasan rana na Lahadi, wanda akan fara bayan ƙarfe 1 a gama kafin la'asar ta yi nisa. Idan Juma'a ta same ka a garin, babban masallacin Roxbury bai yi nisa da unguwar filin ba.

Mataki na 6: Isowa da wuri

Ana buɗe ƙofofi minti 90 kafin wasa, kuma ya kamata ka kasance a Kenmore rabin awa kafin hakan. Idan ka fito daga tashar za ka ga katon allon Citgo a saman gini, wanda ka saba hangowa ta bayan katanga a talabijin. Ka bi jama'a ta titin Brookline Avenue, ka haye gadar da aka sa wa sunan tsohon ɗan wasan ƙungiyar David Ortiz, sai titin Lansdowne ya bayyana a hagunka, da bayan babbar katanga a tsaye a kansa. Kada ka yi gaggawar shiga. Ka zagaye ginin ta waje tukuna, tafiyar minti goma sha biyar ce, ka ga jan bulo na fuskar ginin ta asali da tutocin shekarun da ƙungiyar ta ci kofi, daga 1903 zuwa 1918, sannan dogon gibin shekara 86 kafin 2004, sai 2007, 2013 da 2018. Kusa da ƙofar B akwai gumakan tsoffin gwanayen ƙungiyar, Ted Williams da Carl Yastrzemski. Titin Jersey, wanda ake kira Yawkey Way kafin 2018, akan rufe shi ga motoci a ranar wasa ya zama wani ɓangare na filin, da masu kiɗa da shagon riguna da huluna.

Ko da kujerarka tana wani gefe, ka fara hawa ta ɗaya daga matakalan gefen tasha ta farko. Ƙarƙashin rumfar wuri ne mai duhu, rufinsa ƙasa-ƙasa, cike da bututu da ƙamshin soye-soye. Kana hawa ɗan gajeren gangaren sai hasken ciyawa ya buɗe maka gaba ɗaya, ga koriyar katanga a tsaye a can ƙarshe, kusa fiye da yadda kyamara ke nuna ta. Gani ya kori ji. Ka matsa gefe ka tsaya minti biyu, kada ka tare hanya.

Mataki na 7: Abubuwan da za ka gani kafin a fara

Katangar, wadda ake kira Green Monster, wato Koren Dodo, tsayinta ƙafa 37 da inci 2, kimanin mita 11, kuma nisanta daga mai bugu ƙafa 310 ne kawai ta layin hagu. Titin Lansdowne ne ya hana filin faɗaɗa ta wannan gefen, shi ya sa aka rama gajartar da tsayi. An shafa mata koren fenti a 1947, kafin nan tallace-tallace ne a jikinta. Idan ka matso kusa da ita ta sashen ƙarshe na gefen hagu za ka ga lotsattsun wurare birjik a jikinta, tabon ƙwallayen da suka buge ta. A gindinta akwai allon sakamako na 1934, wanda har yau mutane ne a cikin katangar suke saƙala lambobinsa da hannu ta ƙananan tagogi. Akwai kuma tsani a manne da ita, wanda a da ake hawa don kwaso ƙwallaye daga raga, kuma aka bar shi bayan amfaninsa ya ƙare. Sandar iyaka da ke samanta tana ɗauke da sunan Carlton Fisk, saboda ƙwallon da ya buga ta doke ta a wasa na shida na gasar ƙarshe ta 1975.

Daga nan ka zagaya gefen dama ka ga sandar iyaka ta wannan gefen, da ake kira sandar Pesky, wadda nisanta daga mai bugu ƙafa 302 ne kuma jikinta ya cika da sa hannun masu kallo. Ka ɗaga kai ka ga lambobin 'yan wasan da aka jingine don girmamawa, cikinsu har da 9 ta Williams, 8 ta Yastrzemski, 45 ta Pedro Martinez, 34 ta Ortiz, da 42 ta Jackie Robinson wadda dukan ƙungiyoyi suka jingine. Sannan ka hau kujerun bayan fili, sashe na 42, layi na 37, kujera ta 21. Ita kaɗai ce ja a cikin korayen kujeru, kuma tana nuna inda ƙwallon Ted Williams ta sauka a ranar 9 ga Yuni 1946, nisan ƙafa 502. Sai ka zauna a kanta ka hango ƙanƙantar wurin mai bugu za ka fahimci girman bugun. Ka je tun da wuri, domin da zarar mai tikitinta ya zo shi ke nan. A wasan dare yawanci za ka tarar ƙungiyar baƙi tana atisayen bugu a wannan lokacin, don haka kada ka juya wa fili baya, ƙwallon tana da tauri kuma tana zuwa ba sallama.

Mataki na 8: Zaman kallo

Ka kasance a kujerarka minti goma sha biyar kafin lokaci. Ana miƙewa tsaye don taken ƙasa, masu hular wasa kuma su cire ta. Wasan zagaye tara ne, kuma tun da aka kawo agogon ƙayyade jifa a 2023 yakan ƙare cikin awa biyu da minti arba'in ko kusa da haka, saboda haka wanda ya tafi layin abinci a tsakiya zai iya rasa zagaye guda cur. Idan za ka tashi ko za ka dawo, ka jira mai bugu ya gama, domin giftawa ana tsakiyar jifa rashin ladabi ne a wurinsu. Ƙwallon da ta fito waje ta faɗo hannunka taka ce, ko da yake an saba miƙa wa yaron da ke kusa. Amma idan kana layin gaba, kada ka miƙa hannu cikin fili ka taɓa wadda take cikin wasa, domin fitar da kai za a yi.

Ka sa ido a kan mai tsaron gefen hagu duk lokacin da aka buga ƙwallo wajen katanga. Ƙwallon da ta doki katangar tana nan cikin wasa, kuma yadda za ta dawo ya danganta da inda ta buga, ko allon sakamako, ko tsani, ko sarari. Ɗan gida ya san ya juya ya jira dawowarta ya jefa tasha ta biyu, baƙo kuma sau da yawa yakan bi ta har gindi ta tsallake kansa. Bugu mai ƙarfi da zai fita a wani fili a nan sai ya tsaya a tasha ɗaya, wanda ya tashi sama ba ƙarfi kuma ya haye. Talabijin ba ta nuna wannan sosai, domin kyamara ƙwallo take bi.

Idan za ka rubuta wasan, kowane mai tsaro yana da lamba, mai jifa 1, mai cafe 2, har zuwa mai tsaron dama 9, kuma harafin K yana nufin an fitar da mai bugu da jifa uku. Rubutun yana hana hankali yawo, kuma dattawan da ke kusa da kai sukan buɗe hira da wanda suka ga yana yi. A tsakiyar zagaye na bakwai kowa yakan miƙe ya miƙa jiki, a tsakiyar na takwas kuma filin gaba ɗaya ya rera waƙar Sweet Caroline. Ka lura kuma cewa shiga da rigar Yankees ba haramun ba ne, amma za ka sha tsiya daga farko har ƙarshe.

Mataki na 9: Idan an yi ruwa, ko ba ka sami tikiti ba

Idan hadari ya taso za ka ga ma'aikata sun ja katon tamfol sun rufe tsakiyar fili. Kada ka tafi, domin akan jira awa ɗaya ko fiye a ci gaba. Wasan da ya kai zagaye biyar ana lissafa shi cikakke idan aka tsayar, kuma babu mayar da kuɗi. Wanda aka ɗage kafin a fara akan sa masa wata rana, sau da yawa washegari a buga biyu a yini ɗaya, kuma tikitinka yana aiki a sabon lokacin. Nan ne kwanan da ka bari a sake zai yi maka rana. Idan tikiti ya gagara, ka riƙa duba manhajar a ranar wasan, domin farashin sake sayarwa yakan sauko yayin da lokaci ke matsowa. Idan kuma ƙungiyar ba ta gari, ka yi zagayen gani da ido, sannan ka hau jirgin ƙasa zuwa Worcester, inda ƙaramar ƙungiyarsu ke wasa a Polar Park da aka buɗe a 2021.

Mataki na 10: Fita

Da zarar an gama, dubban mutane sukan nufi tashar Kenmore lokaci ɗaya, kuma jiragen koren layi ƙanana ne. Ka zauna a kujerarka minti goma ko sha biyar har masu tsaro su fara sallamar mutane, wanda zai ba ka damar ɗaukar hoton filin ba cunkoso. Idan masaukinka yana tsakiyar gari, ka taka ta titin Commonwealth Avenue ko Boylston zuwa Back Bay, tafiyar kusan rabin awa a hanya mai haske da jama'a. Mai son motar haya ya yi nisa da filin da ƙafa kafin ya kira, domin titunan da ke kewaye a toshe suke kuma farashi yakan hau a wannan lokacin. Jiragen cikin gari suna daina aiki bayan tsakar dare kaɗan, saboda haka idan an yi kunnen doki aka shiga ƙarin zagaye, ko ruwa ya jinkirta wasan, ka riƙa duba agogo ka san lokacin jirgin ƙarshe na layinka.